Mai Rabon Faɗa a Bakin Famfo

A unguwar da na tashi famfo ɗaya ne, na rijiyar burtsatse, a kusurwar da layin masallaci ya haɗu da hanyar kasuwa. Tun kafin assalatu ake jera jarkoki da bokitai, kowa ya ajiye nasa ya koma gida, jarka ta riƙe masa layi. Sai hantsi ya yi, ruwa ya fara ja da baya, sannan rigima ke tashi. Mai kurar ga-ruwa ya ce an tsallake jarkokinsa, yaron wani gida ya rantse tun dare ya ajiye tasa. Daga cacar baki sai cin kwala, kafin ka ankara bokiti ya tashi sama, mata sun janye 'ya'yansu gefe.

Daura da famfon akwai shagon wani dattijo, kowa Baba Tela yake ce masa. Siriri ne, idan kokawa ce ko ɗan shekara 15 zai kai shi ƙasa. Amma shi ke rabon faɗan. Yakan taso daga kan kekensa, tef rataye a wuya, ya ratsa tsakiyar masu dambe ya ware hannuwa, ya ce, "Kai ɗan nan, sakar masa riga. Kai kuma koma bayan kurarka." Su kuwa sai su saki, kowa yana huci yana cewa don darajar Baba ce.

Sai da na girma na gane abin da ke sa su saki. Baba Tela ba shi da ɗa a layin, ruwan shagonsa ma saye yake yi, don haka babu mai cewa ya ɗauki ɓangare. Su ma masu faɗan galibi sun riga sun gaji, numfashi ya ƙare, abin da kowannensu ke nema shi ne hanyar ja da baya ba tare da an ce ya ji tsoro ba, kuma dattijon shi ne hanyar. Sannan kowa ya san wanda ya ture Baba Tela, kafin la'asar maganar ta isa zauren mai unguwa, inda masu halin da suka haɗa kuɗi aka haƙa rijiyar suke zama, su ne kuma ke sayen man injin. Ƙarfin da yake shiga tsakani da shi na aro ne, daga zauren can ya aro shi.

Duk sanda na ji a rediyo an ce dakarun kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya sun isa wata ƙasa, dattijon nan nake gani. Kuma farkon fitar rundunarsu da makamai ya yi kama da faɗan famfo ƙwarai. A watan Yulin 1956 Shugaba Jamal Abdul Nasir ya mayar da mashigin ruwan Suwez mallakar Masar. Ƙarshen Oktoba Isra'ila ta kutsa Sina'i, Ingila da Faransa suka biyo baya da jiragen yaƙi. Da aka kai ƙara Kwamitin Sulhu, Ingila da Faransa suka hau kujerar naƙi, sai aka ɗauki maganar zuwa Babban Zaure, inda kowace ƙasa ke da ƙuri'a ɗaya. A nan ministan harkokin wajen Kanada, Lester Pearson, ya kawo shawarar a haɗa sojoji daga ƙasashen da ba su da hannu a rigimar, su tsaya a tsakani. Babban Sakatare Dag Hammarskjold ya tsara aikin cikin 'yan kwanaki. Aka tara mutum wajen 6,000 daga ƙasashe 10, aka shafa wa hulunan kwanonsu shuɗin fenti don a bambanta su da masu yaƙi. Ingila da Faransa suka kwashe nasu kafin ƙarshen Disamba, Isra'ila ta janye a Maris na 1957, Pearson ya sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a shekarar.

Mutum 6,000 masu ƙananan bindigogi ba za su iya korar rundunar Ingila ba, kamar yadda Baba Tela ba zai iya kayar da mai kura ba. Amurka ce ta matsa wa Ingila ta wajen kuɗi har fam ya fara tangal-tangal, Tarayyar Sobiyet kuma ta yi barazana. Manyan zaure biyu sun yarda a kan abu guda a ranar, masu faɗa kuma suna neman mafita. Shuɗiyar hula ta ba su damar cewa don darajar Majalisa suka janye. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Rufa wa mai ƙarfi asiri har ya mayar da wuƙarsa kube, aiki ne da ya ceci rayuka da yawa.

Sai dai wanda ya taɓa zama a bakin famfo ya san rabon faɗa daban yake da sulhu. Baba Tela yakan raba su da hantsi, amma maganar wa ya riga wa ajiye jarka tana nan, kuma ruwan bai ƙaru ba. Idan mai unguwa bai kira su da dare ya ji ta bakin kowa ba, gobe ma a nan za a kwana. Sojojin Majalisa sun shekara 10 a Sina'i da Gaza, a ɓangaren Masar kaɗai, domin Isra'ila ba ta yarda su taka nata ɓangaren ba. A shekarun nan goma babu wanda ya zaunar da masu rigimar. A watan Mayun 1967 Nasir ya ce su tattara su tafi, tunda da izininsa suka shigo, suka tafi, a watan Yuni aka yi yaƙin kwana shida. A tsibirin Saifurus kuwa tun 1964 suke, har yau suna tsaye tsakanin Girkawa da Turkawan tsibirin. Yaran da aka haifa shekarar da suka iso yanzu kakanni ne.

Inda na ga an haɗa biyun shi ne Laberiya, kuma wannan mu ma da hannunmu a ciki. Tun Agustan 1990 sojojin ECOMOG na ƙasashen Afirka ta Yamma, akasarinsu 'yan Najeriya, suka sauka Monrobiya, suka sha wuya, aka dawo da gawarwaki da yawa, yaƙi ya lafa ya sake tashi. Sai a 2003 aka zaunar da ɓangarorin a Akara, Janar Abdulsalami Abubakar yana shiga tsakani. Da zaman ya yi ta jan ƙafa, matan Laberiya sanye da fararen kaya suka zauna a ƙofar zauren suka ce babu mai fita sai an gama. A watan Agusta Shugaba Charles Taylor ya sauka ya tafi Kalaba, aka sa hannu a yarjejeniya, sannan Majalisa ta kawo dakaru wajen 15,000 suka karɓi makamai daga hannun mayaƙa. A 2005 aka yi zaɓe, Ellen Johnson Sirleaf ta ci. Da dakarun suka kammala tafiya a 2018, ba a koma daji ba. An yi zaman zaure, shi ya sa tsayuwar bakin famfo ta yi amfani.

Mutane da yawa suna zaton Majalisa tana da rundunarta a wani bariki tana jiran umarni. Ko soja ɗaya ba ta da shi. Duk aikin da Kwamitin Sulhu ya amince da shi, Babban Sakatare ne zai bi gida-gida yana roƙo, kamar yadda ake neman samarin aikin gayya, wannan gida ya ba da biyu, wancan ya ce nasa suna gona. Gidajen da suka fi ba da 'ya'ya su ne irin su Nepal, Bangladash, Indiya, Pakistan, Ghana, Habasha da Ruwanda. Mu ma mako kaɗan bayan shigarmu Majalisa a ranar 7 ga Oktoban 1960, a matsayin ƙasa ta 99, sojojinmu suka tafi Kwango. Masu hali kuwa kuɗi suke bayarwa, Amurka ce ke da kaso mafi tsoka, sama da kashi ɗaya cikin huɗu, kuma sau da yawa ana bin ta bashin karo-karon. Talaka ya ba da ɗa, mai kuɗi ya ba da kuɗi kuma shi ke faɗin inda ɗan zai tsaya da abin da aka hana shi yi. Tun 1948 zuwa yau sama da mutum 4,000 sun mutu a ƙarƙashin shuɗiyar tuta, fiye da 300 daga cikinsu a Mali kaɗai, tsakanin 2013 da 2023.

Akwai irin faɗan da Baba Tela ba ya tasowa. Idan ɗan ɗaya daga cikin masu rijiyar ne ya zo ya ture jarkokin mutane ya sa tasa a gaba, sai ka ga dattijon ya sunkuyar da kai yana ta taka keke. Ina yaro abin yana ba ni haushi. Daga baya na fahimci ya san in ya shiga, babu zauren da zai tsaya masa, domin uban yaron yana cikin masu yanke hukunci, kuma in ya yi fushi ya daina sayen mai, unguwa duka ta kwana da ƙishi.

Haka aka gina Majalisar Ɗinkin Duniya, da gangan. Waɗanda suka sa hannu a kundinta a San Faransisko ranar 26 ga Yunin 1945 sun ga yadda ta gabanta ta mutu, wato Ƙungiyar Ƙasashe da aka kafa a 1920 a Janeba. Amurka ba ta taɓa shiga waccan ba, Japan da Jamus suka fice a 1933. Habasha cikakkiyar mamba ce lokacin da Italiya ta auka mata a Oktoban 1935, har da iskar guba. Aka sa wa Italiya takunkumi amma aka tsame man fetur daga ciki, aka kuma bar mashigin Suwez a buɗe jiragenta suna wucewa da sojoji. A Yunin 1936 Sarki Haile Selassie ya tsaya gaban wakilai a Janeba ya kai kukansa, bayan 'yan makonni aka ɗage takunkumin ma gaba ɗaya. Masu gina sabon zaure suka ce gara a ba manya abin da zai sa su zauna a ciki, da su fita waje su yi abin da suka ga dama. Shi ne aka ba ƙasashe 5, Amurka, Tarayyar Sobiyet (wadda Rasha ta gada), Sin, Ingila da Faransa, kujerar dindindin da ikon cewa a'a. Yau ƙasashe 193 ne a Majalisa, 15 a Kwamitin Sulhu, amma hannu ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ya isa ya kashe magana. Rasha ta sha yi a kan Siriya da Yukiren, Amurka ta sha yi a kan Falasɗinu. Na gane hujjar masu ginin, kuma gaskiya ne har yanzu ba a yi yaƙin duniya na uku ba. Amma wanda aka ture wa jarka ba ya shan hujja, kuma a cikin biyar ɗin babu ƙasar Afirka ko ɗaya, alhali yawancin manyan ayyukan dakarun a Afirka ake yin su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da Baba Tela ya faru ne wata ranar kasuwa, kuma ba a kan ruwa ba. Ihu muka ji daga bakin hanya, ɓarawo, ɓarawo. Wani yaro da bai wuce shekara 13 ba ya sheƙo a guje, jini a goshi, ya faɗa shagon ya shige ƙarƙashin tebur. Jama'a suka iso da sanduna da duwatsu. A nan babu ɓangare biyu da za a raba, babu wanda ya gaji yana neman mafita. Mutum ɗaya ne a ƙasa, saura suna son ransa. Da Baba ya ce shi ba ya ɗaukar ɓangare, ya koma gefe, to ya ɗauki ɓangaren masu sanda ke nan. Ya tsaya a bakin ƙofa, hannu ɗaya a kan kowane dogari, ya ce, "Wanda ya shigo shagona amanata ne. Sai dai ku fara da ni." Ya dube ni ya ce, "Yi maza ka kira Malam." Dutse ya same shi a kafaɗa kafin in dawo. Amma liman ya zo, da na'ibinsa da wakilin mai unguwa, jama'a suka fara sulalewa, aka tafi da yaron zaure da ransa.

A Kigali, babban birnin Ruwanda, a 1994 an aika kiran Malam, Malam bai zo ba.

An tura dakaru wajen 2,500 Ruwanda ne don su sa ido a kan yarjejeniyar Arusha ta Agustan 1993, tsakanin gwamnati da 'yan tawayen RPF. Aikin rabon faɗa aka ba su, irin na Sina'i. Amma tun ranar 11 ga Janairun 1994 kwamandansu, Janar Romeo Dallaire ɗan Kanada, ya aika saƙo hedikwata a Niyok cewa wani na ciki ya tsegunta masa ana rubuta sunayen 'yan ƙabilar Tutsi, an kuma ɓoye makamai, yana neman ya je ya kwashe su. Ofishin kula da dakarun da Kofi Annan ke shugabanta a lokacin ya amsa cewa wannan ya wuce hurumin da aka ba shi, ya je ya sanar da Shugaba Habyarimana. Manyan zaure ba sa son jin sabuwar rigima a Afirka, domin wata 3 kafin nan an kashe sojojin Amurka 18 a Mogadishu.

Daren 6 ga Afrilu aka harbo jirgin shugaban ƙasa. Washegari aka kashe Firaminista Agathe Uwilingiyimana da sojojin Beljiyam 10 da aka tura su tsare ta. Masu kisan sun yi lissafin cewa in aka taɓa 'ya'yan gidan masu hali, za a kwashe sauran, kuma lissafinsu ya fita daidai. Akwai wata makarantar koyon sana'a a unguwar Kicukiro inda sojojin Beljiyam wajen 90 suka yi sansani. Mutane kusan 2,000 suka gudo can, domin sun ga shuɗiyar tuta, kamar yadda yaron nan ya ga ƙofar shago a buɗe. Masu adduna suka kewaye shingen suna jira, ba su shiga ba muddin sojojin suna ciki. Ranar 11 ga Afrilu aka umarci sojojin su koma filin jirgi su taimaka wajen kwashe Turawa. Motocinsu suna fita ta ƙofa ɗaya, masu adduna suna shiga. Aka kora mutanen zuwa tudun Nyanza, aka kashe mafi yawansu kafin dare. Wannan ya fi ƙin taimako muni, domin tutar ce ta tara su wuri ɗaya.

Najeriya tana Kwamitin Sulhu a shekarar, Farfesa Ibrahim Gambari ne wakilinmu, kuma ya gabatar da daftarin a ƙara wa rundunar ƙarfi. Ba a ko kaɗa ƙuri'a a kansa ba. Ita kanta gwamnatin da ke kisan tana da kujera a Kwamitin, wakilinta yana zaune yana jin duk abin da ake shiryawa. Ranar 21 ga Afrilu, ana tsakiyar yanka mutane, Kwamitin gaba ɗayansa ya amince a rage dakarun zuwa 270. Dallaire ya sha faɗin cewa da an ba shi sojoji 5,000 masu kayan aiki da ya tare abin. Sai 17 ga Mayu aka amince da 5,500, sannan aka shiga cinikin kuɗin hayar motocin sulke 50 da Amurka za ta bayar. Kafin su yi amfani, RPF ta kama Kigali ranar 4 ga Yuli. Mutum wajen 800,000 aka kashe cikin kwana 100. Shekara guda bayan haka, a Srebrenica ta Bosniya, garin da Majalisa da bakinta ta kira tudun mun tsira, aka ware maza da samari wajen 8,000 aka kashe, sojojin Holan suna wurin.

Idan ana wannan magana, mai shuɗiyar hula ake zagi, tunda shi ake gani. Yana da laifinsa, ba zan wanke shi ba. An kama wasu da lalata da matan da aka tura su karewa, kuma daga sansanin dakaru kwalara ta ɓulla a Haiti a 2010 ta kashe mutum wajen 10,000, sai a 2016 Babban Sakatare Ban Ki-moon ya nemi gafara. Amma a Ruwanda waɗanda suka yanke hukunci suna zaune a Niyok da Washinton da Paris da Landan da Burasel, sun san abin da ke faruwa, suka ƙi ko furta kalmar kisan ƙare dangi don kada ta ɗora musu nauyi. Abin da aka koya daga baya ya ɗan nuna a Sudan ta Kudu. Da yaƙi ya ɓarke a Juba a Disamban 2013, dakarun Majalisa suka buɗe ƙofofin sansanoninsu, har aka kai lokacin da sama da mutum 200,000 ke fake a ciki. An yi sakaci a wasu wuraren, an kashe mutane, amma ba a kwashe sojoji an bar su a fili ba.

Ko a Kigali ɗin akwai waɗanda suka tsaya a bakin ƙofa. Sojojin Ghana ƙarƙashin Birgediya Henry Anyidoho sun ƙi tafiya, su da 'yan Tunisiya da wasu tsiraru suka riƙe filin wasa na Amahoro da wasu wurare, dubban mutane suka rayu a bayansu. Akwai kuma Kyaftin Mbaye Diagne, Musulmi ɗan Senegal, wanda aikinsa sa ido ne kawai, ko bindiga ba ya riƙewa. Shi ya fitar da 'ya'yan Firaminista daga inda suka ɓuya ranar da aka kashe uwarsu. Daga nan kullum yakan ɗauki farar motarsa shi kaɗai, ya ɗebo mutum uku ko biyar, ya ratsa shingayen masu adduna ɗaya bayan ɗaya da raha da taba sigari da 'yan kuɗi, ya kai su otal ɗin Mille Collines ko wani wurin da dakaru ke tsaro, ya juya ya koma. Umarnin da aka ba shi bai ƙunshi haka ba, shugabanninsa sun sani suka kau da kai. Ɗaruruwan mutane ya fitar ta wannan hanya. A 2014 Kwamitin Sulhu ya ƙirƙiri lambar yabo ta jarumtaka da sunansa, iyalinsa aka fara miƙa wa.

Ranar 31 ga Mayun 1994 yana tsaye a wani shinge a Kigali, ɗauke da saƙo zuwa ga Dallaire, harsashin igwa ya faɗi bayan motarsa, ɓarɓashi ya same shi a kai. Shekararsa 36. Abokan aikinsa suka nemi jakar saka gawa a duk rundunar ba su samu ba. Da shuɗiyar tamfol ta tantin 'yan gudun hijira suka naɗe shi, suka kai shi filin jirgi.